Rugugi a Sansanin Sarkin Ƙiri

A zamanin Sarki Nabame, babu birnin da ya kai Tamna kiɗa. Wasu garuruwan da rini aka san su, wasu da ƙira, wasu da dawaki. Tamna kuwa da kunne ake gane ta, fatake kan ji ta tun kafin su hango ganuwa. Mahauta na da kalangunsu, manoma da gangarsu, masu sarauta da taushi da kotso. Kowane gida na da takensa, wato kiɗan da ya gada tun kakanni, wanda in an kaɗa, ɗan gidan ko loma ce a bakinsa sai ya ɗaga kai. A saman su duka akwai tambarin sarki da ake kira Rugugi. An ce ranar da aka fara ginin ganuwa aka ɗaure shi, mutanen Tamna kuma sun yarda cewa duk ranar da ya bar garin, garin ya koma ƙauye mai katanga.

Suna da wata al'ada mai tsada. Duk wanda makaɗi ya wasa a bainar jama'a, dole ya cire wani abu nasa ya miƙa, abin da ya shiga hannun makaɗi kuwa ba ya dawowa, ko sarki ne ya nema. Da manyan gari suka sha wuya, sai suka samo dabara. Ba mai fita daga gida sai ya ɗora wata tsohuwar riga a kan ta kirki, ita ake ce wa rigar makaɗa. In an wasa ka, ka tuɓe ta da ƙasaita ka jefa, makaɗi ya yi godiya da ƙarfi, gobe ya kai ta kasuwa, mutanenka su sayo maka abarka. Rigar Galadima, an ce, ta yi wannan zagaye har ta san hanyar gida.

To, a can cikin duwatsu akwai birnin Ƙiri, sarkinsu Gwabro. Mutanen Ƙiri mayaƙa ne na gaske, amma ba su da kiɗa sai wani kuge guda na shela, don kakan Gwabro ya kori makaɗa kaf saboda sun hana shi barcin rana. Wata shekara sarakunan yankin suka taru naɗin wani ɗan uwansu, kowa ya iso da tambura da kakaki. Gwabro ya iso shiru, sai ƙarar kofato. Dogaran mai masauki suka ɗauka dillalin dawaki ne, suka nuna masa hanyar kasuwa. Tun daga ranar ya rantse sai ya mallaki tambarin da ya fi kowane amo, ko da zai rushe gari a kansa.

Da labari ya iso Tamna cewa rundunar Ƙiri ta sauko, aka wayi gari akuya ta cinye rabin igiyar Rugugi. Aka kira Sarkin Bokaye, ya yi zane a ƙasa, ya ce in ta haɗiye, nasara ce, in ta tofar, a yi hattara. Aka aika a kamo akuyar a tambayi cikinta, aka tarar mahauta sun riga sun sayar da ita tsire. Sarki ya ce a fita haka nan.

Rundunonin biyu suka haɗu a Mashigin Kada. Ka san a Tamna jarumi ba ya sakin linzami sai an kaɗa takensa an ambaci ubansa da kakansa. Makaɗa suka ɗaga gula za su fara da taken Madawaki Jimrau, shugaban mayaƙa, sai Galadima ya tsayar da su.

"Tun yaushe ake kaɗa wa Madawaki kafin Galadima?"

Madawaki ya ce, "A fada kai ne gaba, Galadima. Nan filin daga ne."

Galadima ya ce, "Filin dagar ai a gonar kakana yake!"

Aka kira dattawa su raba gardama. Dattawa na cikin lissafo wanda aka fara kaɗa wa a yaƙin zamanin kakan sarki, mutanen Ƙiri suka ƙetare ruwa ba tare da an ambaci kakan kowa ba. Kafin a kai ga kakan Madawaki, shi Madawakin yana ƙofar gari ba rawani. Aka rufe ƙofofi, Gwabro ya kafa sansani ya kewaye birni.

Washegari da hantsi manzon Gwabro ya shigo fada, wani ƙato mai suna Barde Cindo. Ya yi gaisuwa a tsaye, ya ce, "Sarkin Ƙiri, wanda dutse ke kauce masa, ya gaishe ka. Ya ce ba ya son hatsinku, ba ya son shanunku. Ku ba shi Rugugi ya ɗage sansani. In kun ƙi, zai shigo ya ɗauka, ya ɗaure sabon tambari da fatar wanda ya hana."

Sarki Nabame ya dubi majalisarsa ya ce kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Waziri Tankari ya fara gyara murya. Shi Wazirin nan yana da tsohuwar jiƙaƙƙiya da makaɗa. Wata rana ya fito da sabuwar alkyabba ya manta rigar makaɗa, Sarkin Tambura ya tare shi a ƙofar fada ya wasa shi har ya tuɓe ta. Da ya yi ƙoƙarin karɓa a ɓoye, zabiyar fada ta yi masa waƙar zambo, har masu daka suka riƙa daka da ita. Banda wannan, tun da asuba ya gana da Barde Cindo a zaurensa, sun ƙulla cewa in tambari ya fita zuciyar gari za ta mutu, shi zai buɗe ƙofar yamma, Gwabro kuma ya naɗa shi sarkin Tamna.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Zaki. Mene ne Rugugi? Kututture ne da fatar sa. Kututture yana daji, sa yana garke. Jiya a Mashigin Kada ba takobin Ƙiri ne ya kore mu ba, kiɗa ne. Garin nan an mai da shi gidan biki, babba ba ya iya zuwa gaisuwar mutuwa sai an tuɓe shi a hanya. A ba su abin da suka nema, mu tsira da 'ya'yanmu."

Madawaki ya ce, "Zaki, a ba ni rana guda in sake fita. Amma a fara da takena."

Galadima ya ce, "Ka ji shi kuma!"

Sarki ya daka musu tsawa, sannan ya juya ga Sarkin Tambura Anaruwa, wani tsoho mai faffaɗar kafaɗa wanda zobban manyan gari suka cika yatsunsa. Anaruwa ya faɗi ya yi gaisuwa, hawaye na bin gemunsa, hawayen gaske.

"Ranka ya daɗe, da tambarin nan aka sanar da haihuwarka. Da shi aka raka mahaifinka makwancinsa, ni na kaɗa. Waziri ya ce kututture ne. To, shi ma rawanin Waziri ai auduga ce, amma bai taɓa fita ba shi ba. In Rugugi ya fita, da me za mu gaya wa jikokinmu su wane ne su?"

Sarki ya san rumbunan gari ba za su kai kaka ba. A ƙarshe ya ce, "Ba zan kashe gari don in ceci muryarsa ba. Barde, gaya wa sarkinka na ba shi. Na kuma rantse ba zan karɓe shi da takobi ba."

Anaruwa ya yi zaman dirshan yana kuka. Can sai ya ɗago, ya dubi manzon sama da ƙasa, ya ga rigar saƙi mai aiki a wuya, ga takobi mai kube na azurfa. Ya share ido ya ce, "Barde, don Allah in tambaye ka. A Ƙiri, in babban mutum zai fita, riga nawa yake sawa?"

Cindo ya ce, "Ɗaya mana. Mu mahaukata ne?"

"Haka kowa da kowa? Har sarki?"

"Har sarki."

Kuka ya ɗauke wa Anaruwa kamar an rufe tulu. Ya juya ga sarki ya ce, "Zaki, tunda ka yanke, mun bi. Sai dai Rugugi ba ya tafiya shi kaɗai kamar maraya. Ba ya amsa hannun baƙo. Dole masu taushi su raka shi, da masu kotso, da masu kakaki da algaita, da zabiya da 'yan amshinta."

Waziri ya yi farat ya ce, "Su tafi duka, Allah ya ba ka nasara! Har masu kalangun mahauta, kada a bar ko mai gurmi!"

Haka kuwa aka yi. Aka ɗora Rugugi a kan raƙumi, makaɗan Tamna kaf suka bi shi suka fita. Mata suka hau katanga suna kuka. Garin ya yi shiru irin wanda ba a taɓa ji ba, har wani maƙeri ya ce ashe haka guduma take da ƙara.

A sansani, Gwabro ya zauna a kan buzu, manyan mayaƙansa sun kewaye shi. Anaruwa ya ɗaga gula ya sauke a kan Rugugi. Ƙasa ta amsa, dawaki suka yi haniniya, tsikar jikin Gwabro ta tashi. Ya ce, "Yau na zama sarki."

Zabiyar fada, Tarana, mace ce gajera mai muryar da ke tsinka kasuwa. Tun a hanya ta bi masu ba dawaki ruwa da hira, ta kwashe sunayen iyaye da kakannin duk wani mai rawani a sansanin. Da Barde Cindo aka fara. Masu kotso suka ƙirƙira masa take nan take, Tarana ta ɗaga murya: "Cindo na Magaji, jikan mai baƙar garkuwa, wanda ya shiga fadar Tamna bai durƙusa ba!"

Mutumin da tun da aka haife shi ba a taɓa ambatar kakansa da daɗi ba, sai ga shi ya matso gaban Tarana. Ya ce, "Ina kika san Magaji?" Anaruwa ya matso ya ce masa a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Barde, a ƙasashen da ake sarauta ta gaske, wanda aka wasa yakan miƙa wani abu. Gwargwadon girman mutum, gwargwadon abin da ya miƙa. Amma ku baƙi ne a harkar, ba dole."

Cindo ya tuɓe rigar saƙin nan ya jefa. Makaɗa suka yi guɗa da kirari kamar an ci gari.

Aka koma kan Sarkin Yaƙin Ƙiri. Ya cire hularsa ya miƙa. Tarana ta karɓa da yatsa biyu, ta juya ta, ta ce, "Mun gode, ranka ya daɗe. Ashe a Ƙiri Barde ne babba. Mu baƙi ne, a yafe mana, mun yi zaton kai ne."

Sarkin Yaƙi ya miƙe idonsa jawur. "Wa ya ce Barde ya fi ni? Ku kwanto mini Gunya!" Aka jawo dokinsa da sirdi da lifidi, ya damƙa wa Anaruwa linzami. Cindo ya ga haka ya kwance takobinsa mai azurfa.

Daga nan abin ya zama annoba. Mayaƙan Ƙiri ba su iya yin abu rabi-rabi ba, yadda suke yaƙi haka suka shiga kyauta. Kowa na son takensa, kowa na son a ce ya fi maƙwabcinsa. Wanda ya noƙe, Tarana ta yi masa baiti guda, kafin azahar masu dafa abinci na rera shi. Masu kalangu suka bi 'yan baka tanti-tanti, masu gurmi suka tsare masu mashi a bakin rijiya. Kullum da la'asar sai a ga ayarin dawaki da sulke da kwari da baka na shiga ƙofar Tamna, wai makaɗa na aika wa matansu ajiya. Masu gadin Ƙiri ba su hana ba, don su ma an wasa su.

Wani tsohon mayaƙi, Ubandawakin Ƙiri, shi kaɗai ya farga. Ya je gaban Gwabro ya ce, "Zaki, ana kwashe mu da rana tsaka! Na zaga turke, abin da ya rage bai fi a kai amarya ba."

Gwabro na kishingiɗe ana kaɗa masa taushi, ya ce, "Hassada kake yi don ba a yi maka take ba. Anaruwa, ji da shi."

Tarana ta ambaci mahaifiyar tsohon da sunan da ake kiranta tana budurwa, ta ambaci rijiyar da mahaifinsa ya haƙa wa matafiya. Ubandawaki ya tsaya ya ce, "Na san abin da kuke yi, wallahi na sani." Yana faɗa yana kwance sulkensa.

Gwabro kansa ya fi kowa. Ya ba da alkyabba, ya ba da laima, ya ba da dawakin zage, ya ba da takobin kakansa, wanda ya kori makaɗa. Ya manta da alkawarin ɗage sansani, ya kuma tuna da na Waziri. Wata safiya ya ce, "Yau zan shiga Tamna da Rugugi a gabana, in naɗa musu sarki. A hau!"

Aka buga kuge. Mayaƙa suka fito, wasu da ɗan tofi, wasu da mayafin barci. Aka nemi abin hawa, aka samu jakunan ɗaukar ruwa da wata goɗiya mai ciki.

Madawaki Jimrau na kan ganuwa yana kallo. Ya sauko da gudu ya bi gidajen makaɗa yana roƙon matansu aron dawaki, su kuwa suka ba shi bisa sharaɗin ya dawo da su da kitsensu. Mayaƙan Tamna suka hau dawakin Ƙiri, suka sa sulken Ƙiri, suka jeru a ƙofar gabas. Nan Galadima ya gyara zama a kan sirdi ya ce, "To, da taken wa za a fara?"

Aka duba hagu, aka duba dama. Babu makaɗi ko ɗaya a cikin birni.

Madawaki ya ce, "Galadima, yau sai dai mu tafi haka, kamar marasa asali."

Suka saki linzami gaba ɗaya. Tun da aka kafa Tamna ba a taɓa kai hari da wuri irin na ranar ba. Mutanen Ƙiri suka yi ta maza da sanduna da muciya da turakun tanti, Ubandawaki ya kayar da mahaya biyu da akushi, amma mai ɗan tofi ba ya tsayawa gaban mai lifidi. Kafin rana ta take, sansani ya watse.

Aka tarar da Gwabro a kan wani falalen dutse, daga shi sai wando, ya rungume Rugugi. Sarki Nabame ya iso, Madawaki ya zare takobi zai yanke igiyar tambarin da Gwabro ya naɗe a hannu. Gwabro ya ce, "Nabame, ka rantse a gaban manzona ba za ka karɓe shi da takobi ba. Ko rantsuwar Tamna ma kiɗa ce?"

Sarki ya ce, "Mai da takobinka, Madawaki. Na rantse." Ya ce a ba Sarkin Ƙiri raƙumi ya tafi da abinsa. Mayaƙan Tamna suka sunkuyar da kai, ga nasara a hannu, ga tambari zai tafi.

Anaruwa ya matso ya durƙusa. "Zaki, a bar ni in sallami Sarkin Ƙiri. Bai kamata babban sarki ya tashi shiru ba, kada a sake nuna masa hanyar kasuwa."

Ya ɗaga gula ya kaɗa wa Gwabro wani take da bai taɓa kaɗa wa kowa ba, mai nauyi, mai tafiyar giwa. Kakaki ya ɗauka. Tarana ta buɗe murya: "Gwabro na duwatsu, wanda aka ci sansaninsa ba a ci hannunsa ba! Sarakuna na kyauta daga abin da ya yi saura, kai ka yi har ba saura! Wa ya taɓa wasa ka ya koma hannu wofi?"

Mayaƙan ɓangarorin biyu suka zuba wa Sarkin Ƙiri ido. Gwabro ya shafa kansa, ba rawani. Ya shafa wuyansa, ba laya. Ya dubi yatsunsa, ba zobe. Hannunsa ya sauka kan mazagin wando.

Tarana ta ce, "A'a, Zaki, akwai mata a wurin."

Ya duba gabas, ya duba yamma. A duk faɗin duniya abu guda ya rage da zai ce nasa ne. Ya yi ajiyar zuciya, ya kwance igiyar daga hannunsa, ya tura Rugugi gaban Anaruwa. Ya ce, "Ungo, tsohon banza. Amma ka ƙarasa mini taken."

Anaruwa ya ƙarasa masa har ƙarshe, bai rage ko bugu ɗaya ba.

A hanyar komawa Sarki Nabame ya ce, "Madalla, Sarkin Tambura. A kai tambarina fada."

Anaruwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tambarin wa? Kai ka ba Sarkin Ƙiri, Sarkin Ƙiri ya ba makaɗi. Ka san al'ada. Amma kada ka damu, zan riƙa kawo shi fada kullum, in kaɗa maka kamar naka."

Galadima ya yi tari a cikin rawani.

Da yake ƙofar gabas ta cushe da ganima, sai ayarin makaɗa ya zaga ta yamma, sarki da Madawaki na biye. Suka tarar da ita a buɗe. A tsakiyarta ga Waziri Tankari a tsaye tun hantsi yana jiran Gwabro ya zo ya naɗa shi, bai ji yadda aka kwashe a gabas ba. Ya sha alkyabba mai zinariya, da rawanin harsa, da takalmin gashin jimina, ga farin doki an riƙe masa. Tunda ya san babu sauran makaɗi a Tamna, bai ɗora rigar makaɗa ba.

Ya ga raƙumi, ya ga Rugugi, ya ga Sarki Nabame a baya yana dubansa, yana duban ƙofar da ba wanda ya ba da izinin buɗewa.

Madawaki ya ce, "Zaki, a kama shi?"

Sarki ya ce, "A kama shi. Amma ku dakata tukuna, Sarkin Tambura ya riga ku ganinsa."

Tarana ta gyara ɗaurin zanenta, ta yi gyaran murya. Anaruwa ya dubi Waziri tun daga rawani har takalmi, ya juya ga mutanensa ya ce, "Ku fara daga kakansa na fari. Kada ku yi sauri."